Tsohuwar mota mai jan taya huɗu: ina ƙarfinta yake, me kuma ke karya ta?

Me ya sa motar da ta shekara 30 tana aiki har yau ake rububinta, alhali sa'o'inta ƙananan motoci tuni aka yanka su aka sayar da ƙarfen? Me kuma ya sa wanda ya saye ta ya ɗaga ta, ya sa mata manyan tayoyi da bamba ta ƙarfe, sau da yawa shi ne motarsa ke fara kwana a gareji? Musun da ake yi a kan waɗannan motoci ya rabu gida biyu. Wasu na cewa tsohuwar Land Cruiser ko Patrol ba ta mutuwa sai dai mai ita ya gaji. Wasu na cewa rami ce da ba ta cika da kuɗi. Kowane ɓangare yana da abin da ya gani da idonsa. Abin da ke raba su yawanci abu uku ne: halin da motar take ciki ranar da aka saye ta, abin da aka canza mata daga baya, da yadda ake tuƙa ta.

Ba duk jan taya huɗu ne iri ɗaya ba

A bayan giyabos ɗin irin wannan mota akwai wani akwatin giya na biyu, wanda makanikai ke kira ogzilari. Aikinsa raba ƙarfin injin tsakanin farfelar gaba da ta baya, wato sandunan da ke kai ƙarfin ga tayoyin gaba da na baya. Yadda yake rabon shi ne ya kasa motocin iri-iri.

Na farko shi ne wanda direba ke sa jan taya huɗu da kansa idan ya buƙata. Tsohuwar Hilux, Land Cruiser jerin 70, Patrol Y60 da Suzuki Jimny duk haka suke. Sandar ogzilarinsu tana da matsayin 2H da 4H da 4L (giyar ƙasa). A 2H tayoyin baya kaɗai ke ja. Da an sa 4H sai a ɗaure farfelar gaba da ta baya wuri guda, su riƙa juyawa da gudu ɗaya tilas. A nan ne mutane da yawa ke yi wa motarsu illa ba su sani ba. Idan mota tana shan kwana, tayoyin gaba sun fi na baya yin doguwar tafiya, saboda haka suna bukatar juyawa da sauri kaɗan. A kan yashi ko laka ba matsala, taya ɗaya za ta ɗan zame bambancin ya fita. A kan busasshiyar kwalta babu wurin zamewa, sai ƙarfen ya riƙa murɗewa kamar wankin da ake matsewa. Alamarsa ita ce sitiyari ya yi nauyi, mota ta riƙa tsalle-tsalle a kwana, sandar ogzilari ta ƙi fita daga 4H. Idan aka ci gaba a haka, sarƙar ogzilari ta miƙe, ko haƙorin giya ya gutsure, ko gaɓar farfela ta fashe. Idan sandar ta cije, a ja da baya a miƙe na 'yan mitoci, ko a sauke tayoyin gefe ɗaya a kan ƙasa mai laushi, murɗewar za ta saki.

Na biyu shi ne wanda tayoyi huɗu ke ja kullum. Range Rover ta zo da shi tun 1970, haka Defender, haka yawancin Land Cruiser jerin 80. Kowane aksul, wato ƙarfen da ke haɗa tayar hagu da ta dama, yana da difarenshal, giyar da ke barin tayoyin biyu su bambanta gudu. Waɗannan motoci suna da na uku a cikin ogzilari, wanda ke barin gaba da baya su bambanta gudu, don haka kwalta ba ta damunsu. Sai an kulle wannan na tsakiya ne suke zama kamar nau'in farko, kuma dokar kwalta ta hau kansu. Pajero daga 1991 ta zo da tsarin Super Select da ya haɗa biyun.

Akwai kuma ƙananan motocin da ake rubuta wa AWD. Suna taimakawa a hanya mai santsi, amma galibinsu ba su da giyar ƙasa, kuma ba su ne ake magana a kai ba a nan.

Wasu motocin nau'in farko suna da makulli a tsakiyar tayar gaba da ake murɗawa da hannu. Idan ba a kulle shi ba, ko an sa 4H tayar gaba ba za ta ja ba. Kuma idan aka bar shi a buɗe watanni, kayan aksul ɗin gaba ba sa juyawa, mai ba ya wanke su, tsatsa ta fara kama saman giyar. Littattafan Toyota na wancan zamani sun ba da shawarar a yi tafiyar kamar kilomita 16 a kowane wata da gaban a kulle.

Giyar ƙasa, da dalilin da mai taya huɗu ke kafewa

4L ba ya ƙara wa taya riƙon ƙasa ko kaɗan. Abin da yake yi shi ne rage gudu ya ninka ƙarfin murɗawa. A Land Cruiser jerin 80 ninkin ya kai kusan 2.49, a ogzilarin NP231 na Jeep 2.72, a LT230 na Defender 3.32. Amfaninsa shi ne mota ta yi rarrafe a kan duwatsu ko ta sauka gangara ba tare da an ƙona kuloci ko birki ba. Ana shigarsa ne mota tana tsaye.

Abin da ya fi ba sababbin masu mota mamaki shi ne su ga ta kafe alhali tana 4L. Dalilin yana cikin difarenshal. Wanda ba a kulle ba yana ba tayoyinsa biyu ƙarfi daidai wa daida, kuma iyakar ƙarfin shi ne abin da tayar da ta fi rashin riƙo za ta iya ɗauka. Idan tayar hagu ta gaba da ta dama ta baya suka tashi sama a kan kwazazzabo, su biyun za su yi ta wulwulawa a iska, biyun da ke ƙasa kuwa ba abin da ya isa gare su. Makullin difarenshal na aksul shi ke magance wannan, domin yana tilasta tayoyin biyu su juya tare. A ganina makulli ɗaya a aksul ɗin baya ya fi duk wata ɗagawa amfani ga mai shiga mummunar hanya, sai dai ba a ganinsa daga waje, shi ya sa ba a cika fara sayensa ba. Na gaba yana bukatar hattara: yana hana mota shan kwana, kuma idan aka taka totur da sitiyari a karye, gaɓar aksul ce ke biya.

Daga ina sunan ƙarfin ya fito

Asalin zuriyar daga Willys ce, motar Jeep ta sojan Amurka ta 1941. Land Rover ta bayyana a 1948, Toyota BJ da Nissan Patrol a 1951, sunan Land Cruiser kuma a 1954. An ƙera su ne don soja da manoma da masu aikin daji, kuma hakan ya bar musu siffofi uku. Suna da shasi daban da bodi, mai siffar tsani, wanda ke shanye dukan hanya. Suna da aksul ɗan sanda, wato ƙarfe guda da ke riƙe tayoyin biyu, mai ƙarancin gaɓoɓi. Injinansu kuma ba a matsa musu ba. Injin 1HZ na Toyota lita 4.2 ne mai silinda 6, amma ƙarfinsa bai wuce doki 130 ba, wato kamar doki 31 a kowace lita. Injin dizal na yau mai lita 2.8 yana ba da kimanin doki 200, sama da 70 a lita. Ƙarfen da ba a wahalar da shi dole ya daɗe. Ga shi famfon man 1HZ na ƙarfe ne zalla, ba kwamfutar da za ta kashe mota saboda wata 'yar waya ta tsinke.

Masu suka ma suna da hujja mai nauyi, kuma bai kamata a share ta ba. Waɗannan motoci suna shan mai, birkinsu bai kai na zamani ba, kuma dogaye ne masu saurin kifewa. Na'urar da ke hana mota juyewa idan ta zame ta zama dole a sababbin motoci a Amurka daga ƙirar 2012, a Tarayyar Turai kuma daga ƙarshen 2014. Motar 1992 ba ta da ita, wata ma ba ta da jakar iska ko ɗaya. Shasin da bai lanƙwasa ba a haɗari ba abin alfahari ba ne, domin ƙarfin karon da mota ba ta shanye ba jikin mutanen ciki yake isa. Jan taya huɗu kuma yana taimaka wa tashi ne kawai. Wajen tsayawa, kowace mota birkin taya huɗu gare ta, kuma mai tan biyu da rabi ta fi wuyar tsayarwa.

Abin da shekaru ke ci

Mai saye ya fara daga ƙasa, ba daga fenti ba. A shiga ƙarƙashi da tocila da ƙaramar guduma, a bubbuga shasi, musamman inda sifirin ke kamawa, da sandar ƙetare ta baya, da saman tankin mai inda laka ke kwana. Ƙarfe mai lafiya yana amsawa da ƙara, wanda tsatsa ta ci daga ciki yana amsawa a dushe. Baƙin fenti sabo mai kauri a kan shasi abin tambaya ne. A Defender bodin alminiyam kan rufe ido: waje tas, amma shasi da bangon da ke tsakanin injin da direba na ƙarfe ne, kuma su ke ruɓewa. Injin da ya mutu ana sauya shi. Shasin da ya ruɓe kuwa sai an sauke motar gaba ɗaya.

Sai aksul ɗin gaba. A ƙarshensa, bayan taya, akwai wani ƙarfe mai siffar ƙwallo da gaɓar juyawa ke ciki, cike da giris. Idan aka ga baƙin ruwa mai kauri yana tsiyaya a kansa, robar da ke raba man difarenshal da giris ta mutu, sun gauraye. Gyaran ba wuya, amma sai an kwance gefen duka, a sauya robobi da boris na sama da ƙasa, a cika da giris mai sinadarin moli. Ƙarar ƙas-ƙas a kwana cikin 4H tana nufin gaɓar kanta ta cinye.

Bayan haka tsarin sanyaya injin, wanda shi ne ya fi kashe tsofaffin injinan dizal. Lagireto yana toshewa daga ciki, kuloci mai ruwa na fanka yana saki, tiyo yana laushi. Zafi ɗaya mai tsanani ya isa ya tsaga kan silinda, kuma injin 2L-T na Toyota ya yi suna da hakan. Cire tamostat ba magani ba ne: injin zai daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ya ƙara shan mai da cin silinda. Ruwan sanyaya injin na gaske ake zubawa, rabi da rabi da ruwa mai tsabta, domin zallan ruwa tsatsa yake haifarwa.

Duk motar da ba a san tarihinta ba, a ɗauka ba a yi mata komai ba. A sauya bel ɗin taimin idan injin mai bel ne. A tsofaffin 1HZ ƙa'idar kilomita 100,000 ce, kuma idan ya tsinke fistin da bawul ne ke karo. A zubar da kowane mai: na injin, giyabos, ogzilari, difarenshal biyu, da ruwan birki da ake sauyawa duk shekara biyu saboda yana shan danshi. Difarenshal yana son man giya mai lambar GL-5, sau da yawa 80W-90, amma wasu tsofaffin giyabos masu zoben tagulla GL-4 aka rubuta musu, sai a duba littafin motar. A bi kowace kafar giris ta farfela. A karanta lambobi huɗu na ƙarshe a gefen taya: 2318 na nufin mako na 23 na 2018. Tayar da ta haura shekara shida a sa mata ido, wadda ta kai goma a cire ta ko da zanenta bai goge ba.

Manyan tayoyi da ɗagawa: lissafin da ba a cika yi ba

A mota mai aksul ɗan sanda, abin da ya fi kusa da ƙasa shi ne tulun difarenshal, kuma ɗaga sifirin ba ya ɗaga shi ko da milimita ɗaya. Taya ce kaɗai ke ɗaga shi, da rabin abin da aka ƙara mata. Daga inci 31 zuwa 33, ribar inci ɗaya ce, milimita 25.

Ga abin da ake biya a kan wannan inci. Tayar ta fi ta asali da kashi 6.5 cikin ɗari, don haka idan agogo ya nuna 100, motar tana kan 106. Giyar difarenshal mai 4.10, wato farfela ta juya sau 4.10 kafin taya ta juya sau ɗaya, za ta yi aiki kamar 3.85: tashi ya yi nauyi, giya ta biyar ta kasa hawan tudu, kuloci ya sha wuya, rarrafen 4L ya ƙara sauri. Don a dawo da ita yadda take ana bukatar kusan 4.36, shi ya sa ake sa 4.56. A inci 35 bambancin ya kai kashi 13, agogo na 100 mota na 113, kuma a nan sauya giya zuwa 4.56 ko 4.88 ya zama dole. Gaba da baya tare ake sauyawa, lamba ɗaya, in ba haka ba ranar da aka sa 4H wani abu zai karye. Birki ma ya raunana, domin faifan bai ƙaru ba amma abin da yake tsayarwa ya ƙara faɗi da nauyi. Boris, tayarod da akwatin sitiyari duk suna ɗaukar ƙarin duka.

Ɗagawa ta milimita 50 ita ce iyakar da yawancin motoci ke ɗauka ba tare da an bi sauran kaya ba. Da an wuce nan sai abubuwa su fara bin juna. Kusurwar da ke sa sitiyari ya dawo tsakiya da kansa tana raguwa, mota ta riƙa yawo a hanya. Sandar da ke riƙe aksul daga gefe tana jan shi ya karkace. Tiyon birki ya yi gajere, yana iya tsinkewa ranar da taya ta sauka rami. Kusurwar farfela ta ƙaru, rawa ta shigo. Akwai kuma wani bawul a baya da ke auna lodi ya raba ƙarfin birki. Idan aka ɗaga mota ba a daidaita sandarsa ba, zai ɗauka motar ba kaya, ya rage wa tayoyin baya birki. Wannan ƙaramin abu ne da ake yawan mantawa, kuma rai ne a kansa. A motoci masu gaba mai 'yancin kowace taya, kamar Pajero, ɗagawa tana karya kusurwar gaɓoɓin aksul, robarsu ta yage da wuri. Mummunar girgizar sitiyari da kan kama mai aksul ɗan sanda bayan ta daki rami kuwa, asalinta lalatattun bushin ne ko tayarod ko boris. Ƙara shokozoba a sitiyari ɓoye ta yake yi.

Nauyi ne ke shigowa a hankali. Bamba ta ƙarfe da winci tare suna iya kai kilo 100, duk a kan hancin mota. Jarkar dizal mai lita 20 ta kusa kilo 20, ruwa kilo ɗaya ne a kowace lita. Akwai faranti a jikin ƙofa ko cikin bonet da ke nuna iyakar nauyin da aka yarda motar ta kai, kuma mutane da mai da kaya duk a ciki suke. Mafi muni shi ne lodin rufi, saboda yana ɗaga tsakiyar nauyi a motar da dama can doguwa ce. Kaya masu nauyi ƙasa ake sa su, tsakanin aksul biyu, a ɗaure.

Sa wa injin irin 1HZ tobo, wato na'urar da ke cusa wa injin ƙarin iska don ya ƙara ƙarfi, yana yiwuwa, amma ba a ƙera fistin ɗinsa don wannan zafin ba. Ba a yin sa sai da agogon auna zafin hayaƙi da lagireto mai lafiya da mai gwanin saita famfo.

Tuƙi a inda kwalta ta ƙare

A yashi, iskar taya ta fi komai. Rage ta zuwa PSI 16 zuwa 20 yana tsawaita sawun taya, mota ta hau saman yashi maimakon ta haƙa. Da raguwar iska sai a rage gudu, a guji karya sitiyari da ƙarfi don kada taya ta fita daga rim, kuma a mayar da iskar kafin a hau kwalta, domin taya mai ƙarancin iska tana zafi ta fashe. Wanda ba shi da famfo a mota kada ya sace iska. Idan taya ta fara wulwulawa a wuri ɗaya, a ɗaga ƙafa nan take, a gwada komawa ta kan sawun da aka shigo.

Gangara mai tsayi ana saukarta da 4L da giya ta ɗaya, a miƙe, ƙafa nesa da kuloci. Idan hawa ya gagara, a taka birki, a sa ribas, a sauko a miƙe da injin yana riƙe da mota. Juyawa a tsakiyar tudu shi ne hanyar kifewa. Manyan yatsu kuma a ajiye su a wajen da'irar sitiyari, domin dutse na iya fizge shi.

Ruwa ya fi kowa yaudara. Fistin ba ya iya matse ruwa, don haka ɗan kaɗan da ya shiga ta mashaƙar iska ya isa ya lanƙwasa sandar fistin. Bututun da ake ɗagawa gefen gilashi yana kare wannan kafa ɗaya ce tak. Difarenshal mai zafi idan ya shiga ruwan sanyi yana zuƙo ruwa ta kafar numfashinsa, sai a tarar man ya koma fari-fari. Maganinsa a ja kafar da siririn tiyo zuwa sama, a kuma duba man bayan kowane ƙetare mai zurfi. Fanka na iya lanƙwasawa cikin ruwa ta yanki lagireto. A auna zurfi da ƙafa tukuna, a shiga a hankali da gudu ɗaya, ba sauya giya a tsakiya, a fito a ɗan taka birki ya bushe. Ruwan da ke gudu har mutum ba zai iya tsayawa a cikinsa ba, mota ma ba ta shiga.

Wajen jan motar da ta kafe ne ake rasa rayuka. Ba a taɓa rataya igiyar fizga a ƙwallon jan tirela: yana ɓallewa ya tashi da gudun da ke huda gilashi. Ƙugiyoyin da aka yi don ɗaure mota a jirgi ma ba na ja ba ne. Wurin ja na gaske a jikin shasi yake da manyan kusoshi. A jefa bargo ko wani abu mai nauyi a kan igiyar, kowa ya ja baya aƙalla tsawon igiyar da rabi, kuma a fara da shebur, don haƙe gaban tayoyi yana rage rabin wahalar.

Doka, inshora da wanda motar ta dace da shi

Dokoki suna ƙara matse tsofaffin injina. A Landan, yankin taƙaita hayaƙi da aka fara a 2019 yana cajin motar dizal da ba ta kai matakin Euro 6 ba a duk ranar da ta shiga, sai dai wadda ta haura shekara 40 aka yi mata rajistar motar tarihi. A Amurka kuma motar da ta cika shekara 25 ana iya shigo da ita ba tare da ta cika ƙa'idojin tsaro na sababbi ba, abin da ya ƙara jawo hannu kan tsofaffin Land Cruiser da Defender a kasuwannin duniya. Ƙasashe da dama suna da iyaka a kan ɗagawa da girman taya, kuma kamfanin inshora na iya ƙin biya idan ba a sanar da shi canjin da aka yi ba.

Wanda aikinsa ke kai shi inda babu kwalta, yana da makanike da ya san ƙirar, yana kuma samun kayan gyara, wannan mota za ta yi masa hidimar da sabuwa ba lallai ta yi ba. Wanda zirga-zirgarsa cikin gari ce da babbar hanya da iyali a baya, yana biyan kuɗin mai da ragin tsaro ne a kan ƙarfin da ba zai yi amfani da shi ba. Ga wanda ya riga ya saya, a fara da birki, sitiyari da tsarin sanyaya injin, sai tayoyi masu kyau na girman asali, da wuraren ja da famfon iska. A yi wata shida ana tuƙa ta a haka, a lura da inda take taɓa ƙasa ko take kafewa, sannan a sayi abin da zai magance wannan wurin kaɗai.